Ranar da Ladan Ya Riƙe Hanci

Sunansa na yanka Mahmudu, amma in ka shigo Tudun Wada kana neman Mahmudu ladan, sai ka wuni kana yawo ba ka samu wanda ya gane ba. Sunan kakansa aka sa masa, mahaifiyarsa kuwa ba ta iya buɗe baki ta ambaci sunan surukinta, sai ta riƙa ce masa Ɗantsoho. Sunan ya bi shi har furfura. Ka ga ke nan tun yana cikin zanen goyo kunya ta karɓe shi riƙo, ba ta kuma sake shi ba.

Ni ne Nagoda, taubashinsa. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka shi yake ce mini bawansa, ni kuma nake da damar faɗa masa duk abin da ya zo bakina. Duk da haka wannan labarin sai da na nemi izni kafin in ba da shi. Ya ce in faɗa, ko wani ya amfana.

Ɗantsoho ya yi karatun allo a zauren gidansu, ya taɓa firamare, daga nan ya samu aikin masinja a wani ofis a Kongo. A kan baƙin kekensa ya ƙare ƙuruciyarsa, yana kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, har ya yi ritaya ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga wa wani murya. Muryar ajiye ta yake yi don abu guda. Tun kafin a sa lasifika a masallacin layinmu shi ke kiran salla, yana hawa wani ɗan dakali a jikin bango ya sa hannu a kunne. Ba irin muryar nan ce mai kwalliya da ake ji a rediyo ba. Doguwa ce, mai sanyi, ba ta rawa. Matan layinmu da ita suke sanin lokacin ɗora tukunya da na sauke ta. In an tayar da salla kuma, shi ke tsayawa daidai bayan liman yana ɗaga kabbara don sahun baya su ji.

Bayan muryar, abu ɗaya yake alfahari da shi, ko da yake ba zai taɓa yarda alfahari ba ne: alwalarsa. Wadda ya yi da azahar ita ke kai shi isha'i. Ni kuwa butoci da bokitan roba nake sayarwa a shagon da ke kallon masallacin, kullum sai na ce masa, "Da kowa irinka ne, tsoho, da tuni na rufe shago na koma ƙauye." Sai ya yi murmushi ya ce, "Bawa ba ya rasa ƙorafi."

Kunyarsa kuwa ta wuce misali. 'Yarsa ta fari Sumaiya, har ta yi aure ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba, sai dai "yarinyar nan". Da Allah ya haɗa ta da Yusha'u, wani likita mai hankali da ke zaune a Hanwa, sai abin ya ƙaru. Na taɓa ganin Ɗantsoho yana cin gyaɗa a ƙofar shagona, ya hango motar surukin ta shigo layi, ya tura sauran gyaɗar cikin aljihu har da ɓawon, ya goge baki ya zauna kamar mai azumi. Shi ma Yusha'un ba baya ba ne. Tun daga bakin zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, idonsa a kan tabarma har ya tashi. Mutane suna yabon wannan surukuta, ana cewa ga tarbiyya. Ni ma na yaba.

Ciwon ya fara da ciwon kai ta ƙeya da jiri in ya miƙe. Bai gaya wa kowa ba, matarsa Ishatu ce ta lura yana dafa bango. Ta kira Sumaiya a waya, Sumaiya ta gaya wa mijinta, washegari sai ga Yusha'u da na'urar awon jini. Ina zauren aka yi awon, kuma ban taɓa ganin abin dariya irinsa ba. Ɗantsoho ya miƙa hannu yana kallon bangon gabas, likita ya ɗaura masa abin awo yana kallon bangon yamma.

"Baba, jinin ya hau," in ji Yusha'u a hankali. "Sai an fara shan magani."

"To, Likita. Yadda aka ce."

Yusha'u ya sa aka yi gwaje-gwaje a asibiti, sannan ya kawo wata 'yar ƙwaya, ɗaya kullum da safe. Magani ne mai kyau, mutane da yawa shi suke sha suna zaune lafiya. Aikinsa shi ne ya fitar da ruwa da gishirin da suka yi wa jiki yawa, hanyar fitar kuwa kowa ya san ta. Yusha'u ya ɗauko bayanin, ya ce, "Baba, maganin zai ɗan sa a riƙa..." sai ya tsaya, ya gyara zama, ya ce, "Allah dai ya ƙara sauƙi." Muka ce amin.

Ni ma ina da hawan jinin nan, na riga shi ma. Ranar da likitana zai zaɓa mini magani sai da ya tambaye ni har abin da ban taɓa gaya wa uwata ba: ko ina da ciwon suga, yaya ƙodata, yaya fitsari, wane irin aiki nake yi, yaya tsakanina da iyali. Da ban ji Yusha'u ya yi ko ɗaya ba, sai na ɗauka ya riga ya ji komai ta bakin matarsa.

Abin da ya biyo baya, daga bakin Ɗantsoho na ji shi, bayan komai ya riga ya faru. Tsufa dama ya fara sassauta masa riƙo, maganin kuma ya zo ya ƙara. Mutumin da alwala ɗaya ke kai shi dare ya koma zagayawa bayan masallaci kamar mai neman abin da ya yar. Don kada in gane, har kasuwa ya tafi ya sayi sabuwar buta a wurin wani, ya ɓoye ta a bayan tankin ruwa. Wannan cin amanar har yau ban yafe ba.

Sai ranar wata la'asar. Masallaci ya cika har waje saboda an yi ɗaurin aure a layin, baƙi ba su watse ba. Ana raka'a ta biyu, liman ya yi kabbarar ruku'u, muka jira muryar Ɗantsoho ta ɗaga ta, shiru. Ina sahu na biyu, sai na ga ya juyo, ya kama hancinsa da hannu, ya sunkuyar da kai yana ratsa sahu. Ya ratsa na farko, ya ratsa namu, haka ya yi ta bi ta tsakanin kafaɗun mutane har ƙofa. Na waje da ba su ji kabbara ba suka rikice, wasu na tsaye wasu na ruku'u.

Duk wanda ya yi ɗan karatu ya san ma'anar riƙe hancin nan. In alwalar mutum ta karye yana cikin sahu, sai ya kama hanci ya fita kamar wanda haɓo ya zubo masa, jama'a kuma su taya shi rufa asiri, kowa ya yi kamar ya yarda. Haka muka yi. Da aka idar, dattawa suka riƙa ce masa, "Sannu Malam, yaya haɓon?" yana cewa, "Da sauƙi." Ni ma da nake taubashi, da na ga fuskarsa sai na ajiye wasa na yi masa sannu kamar kowa. Na ɗauka iska ce ta kuɓuce masa, irin wadda ke samun kowa. Ashe abin ya fi haka. Ya yi ta matsewa tun daga iƙama, har ya ji ɗumi a cinyarsa, a sahun farko, a bayan liman, cikin farar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure. Ya ce mini da ƙasa ta tsage a lokacin da ya shige, ya kuma gode mata.

Rufin asirin maza bai tsaya a masallaci ba. Wani ya faɗa a gidansa cewa ladan ya yi haɓo ana salla, matarsa ta leƙo ta yi wa Ishatu sannu. Ishatu ba ta cikin sahu, ba ta ga komai ba, ta ɗauki haɓo a haɓo. Hankalinta ya tashi, ta kira Sumaiya. Kafin 'yan kwanaki sai ga motar Yusha'u a layi.

Tun ranar la'asar ɗin nan Ɗantsoho bai sake kai ƙwayar bakinsa ba, don haka da aka auna, jinin ya yi sama fiye da na farko. Yusha'u ya daɗe yana duban na'urar.

"Baba, an ce an yi haɓo a masallaci."

"Ɗan kaɗan ne."

"Ana dai shan maganin kullum?"

Nan ne wurin. Ɗantsoho ya ce mini maganar ta zo har maƙogwaronsa. Amma yaya zai dubi mijin 'yarsa ta fari ya ambaci fitsari? Yaya kuma zai ce maganin da yaron nan ya zaɓo da hannunsa, ya kawo har gida, shi ne ya tozarta shi? Sai ya dubi bango ya ce, "Ana sha."

Mutumin da ban taɓa kama shi da ƙarya ba ke nan. Yusha'u kuwa ya yi lissafin da kowane likita zai yi: ana shan magani, jini bai sauka ba, ga haɓo. Ya ce, "To Baba, za a ƙara ƙarfinsa kaɗan." Ɗantsoho ya ce, "Allah ya yi albarka."

Daga ranar ya shiga wata rayuwa ta ɓoye-ɓoye. Ya ce wa Ishatu a masallaci zai riƙa sha bayan ya yi walaha, ya kwashe maganin ya fita da shi. Duk wata Sumaiya ta aiko da sabo, ya karɓa ya sa albarka. A madadinsa ya kama zoɓo marar sukari da ɗanyar tafarnuwa, har Kwangila ya je ya sayo wata gora a wurin masu tallar magani a mota, wadda aka ce tana maganin hawan jini da basir da ciwon baya gaba ɗaya. Warin tafarnuwar ya sa na ce masa ko aljanun layin yake kora. Ya yi dariya sosai, don a lokacin yana cikin farin ciki. Alwalarsa ta dawo, kabbararsa ba ta sake yankewa ba. Ciwon kan yana nan, amma shi wannan ba ya ba mutum kunya a gaban jama'a.

Ya ce mini abin da ya fi damunsa a watannin nan shi ne gaisuwar surukinsa. Duk zuwan da Yusha'u zai yi sai ya durƙusa ya ce, "Baba, yaya ƙarfin jiki?" shi kuma ya ce, "Alhamdu lillahi, magani yana aiki." In ya ga an ɗauko na'urar awo sai ya ce lokacin salla ya gabato, a bari sai wani zuwan. Yusha'u ba zai iya musa masa ba. In motar ta tafi, sai ya zauna shi kaɗai a zaure yana istigfari.

Wata azahar ina shago ina jera bokitai ya fara kira. Kabbarorin farko suka fita lafiya. Da ya zo shahada sai na ji harshen ya yi nauyi, kalmomin suna jan ƙafa kamar bakinsa cike da tuwo. Ya sake ɗaukowa, ta sake zamewa. Duk layin ya ji, don lasifikar ba ta ɓoye komai. Sai muka ji wani ƙara, abin magana ya faɗi ƙasa. Na bar shagon a buɗe na ruga. Na same shi zaune ya jingina da bango, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, yana ta ƙoƙarin jawo hularsa da na hagu don ya rufe fuska.

Allah ya taimaka an kai shi asibiti da wuri. Da la'asar na koma masallaci ɗauko takalmansa, na leƙa bayan akwatin lasifikar don in kashe ta, sai hannuna ya taɓa leda. Maganin ne, na wata da watanni, a jere tsaf, ko ɗaya ba a ɓalle ba. Na zauna a wurin na rasa abin da ke mini daɗi. Haushi ya kama ni, tausayi ya kama ni, na ƙulle ledar na sa a aljihu.

Sai da ya kwana biyu ya fara haɗa magana. Na jira Ishatu ta fita, na zaro ledar na ajiye masa a kan ƙirji.

"Kai, tsohon banza," na ce, "wa ka tara wa wannan? Gadon da za ka bar mini ke nan?"

Ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya karkace.

"Ni ne fa, bawanka. Ba liman ba ne, ba surukinka ba ne. Me ya hana ka sha?"

Ya daɗe yana kokawa da harshensa. Sannan ya ce, "Fitsari." Ya huta, ya ƙara da cewa, "A sahu."

Kalma biyu ke nan, su ne ya kasa faɗa da lafiyayyen baki har suka ci masa rabin jiki. Na juya don in share idona, sai na ga Yusha'u tsaye a bakin ƙofa. Ban san tun yaushe yake wurin ba. Ya juya ya fita, na bi shi baranda. Babban likita da ake layi don a gan shi, ya kama ƙarfen baranda yana kuka kamar yaro.

"Kawu," ya ce, "wallahi duk tsohon da na ba maganin nan sai na gaya masa zai sa shi yawan fitsari. Sai na tambaye shi yaya riƙonsa, in ce in ya takura masa ya dawo a canza. Kowa nake tambaya. Baba kaɗai ne ban iya tambaya ba. Magungunan nan iri-iri ne, Kawu. Da na buɗe baki sau ɗaya, da a ranar na canza masa."

Ban ba shi haƙuri ba, don ni a lokacin haushin su biyun nake ji. Na ce, "To ga shi can kwance. Bakin naka yana nan ai."

Ya wanke fuska ya koma ɗakin. Ya saba durƙusawa, amma gadon asibiti ya yi tsawo, dole ya jawo kujera ya zauna daidai fuskar surukinsa. Ina jin wannan ne karo na farko da suka dubi juna ido cikin ido.

"Baba, ku gafarce ni. Zan yi tambayoyi, kuma sai an ba ni amsa."

Ya tambaye shi komai. Sau nawa yake zagayawa, ko yana fita da ƙarfi ko yana ɗiga, ko yana iya riƙewa, me yake ci, me ya sha a watannin nan. Kunnuwan Ɗantsoho har rawa suke yi don kunya, amma ya amsa, da kalma ɗaya ɗaya, wani wurin da kai. Sannan Yusha'u ya yi masa bayanin da ya kamata a yi tun a zaure. Ya ce akwai maganin da ke sassauta jijiyoyin jini, ba ya sa fitsari, sai dai wasu yakan ɗan kumbura musu ƙafa. Akwai wani kuma da kan sa wasu busasshen tari. Ya ce shi da likitan da ke kula da ɗakin sun duba ƙodarsa da sugansa, suna ganin na farkon zai fi dacewa da shi, amma in ya ga wani abu, kowane iri ne, ya faɗa a sake dubawa.

Ɗantsoho ya ɗaga hannun hagu ya nuna maƙogwaronsa. "Ban da... mai tari," ya ce. "Kiran salla."

Yusha'u ya dube ni, na dubi taga. Ya ce, "To Baba. Ban da mai tari."

Maganin ya karɓe shi. Jinin ya sauka ya zauna, ƙafar ma ba ta kumbura ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Da gashi da motsa jiki ya tashi, yanzu yana takawa har masallaci da sanda. Alwalarsa ta azahar tana kai shi isha'i kamar da. In Yusha'u ya zo, har yanzu yana tuɓe takalmi a bakin zaure, amma yana tambaya, ana kuma ba shi amsa. Harshen ne bai dawo ba. Yana magana a gane, a hankali, amma ba ya iya jan numfashi ya miƙe da kalma. Ya gwada sau ɗaya a cikin ɗakinsa, Ishatu ta ce da ya ji abin da ya fito, ranar ko abinci bai ci ba.

Wani malamin makaranta mai suna Mujahid ke kira yanzu. Muryarsa ba laifi, sai dai yana sauri. Ɗantsoho yakan riga kowa zuwa, ya zauna a wurinsa na sahun farko. Da zarar an kunna lasifika ta yi ɗan kukan nan nata, sai hannunsa na hagu ya tashi da kansa ya nufi kunne, bakinsa ya buɗe. Sai ya tuna. Sai ya kai hannun kan hularsa ya ɗan gyara ta, kamar dama abin da ya ɗaga shi yi ke nan. Mu kuma duk mu kau da kai, kowa ya yi kamar hular ce ta karkace.